Gadar Jebba

Jiya muna zaune a Ƙofar Soro ana hirar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta Daura da Katsina, sai na tuna ranar da na fara tsallaka gadar Jebba a jirgin ƙasa, za ni Ilori. Ni Bakatsine, ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Ajiwa ba. Jirgi ya rage gudu, ƙarafa na ƙara, na leƙa taga na ga kogin Kwara shimfiɗe kamar ba shi da gaɓa. Wallahi sai da na yi salati.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, “Yaro, kafin a gama gadar nan, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a haye da su.” Ashe kogin shi ne babbar hanya a da. Kayan aikin dogon da ya iso Kano a 1911 ma ta ruwa aka kawo su har Baro, daga can aka fara shimfiɗa.

Ranar dai 'yan kwalekwalen masunta kaɗai na gani a ƙasa, sai masu tallar soyayyen kifi a tasha. Na ci na ƙara.