Layin da ya fito a kilodalton 15, na wane ne?

Aikin da na sa a gaba shi ne gano furotin FABP4, mai ɗaukar fati asid a cikin ƙwayar halitta, a kitsen ɓera da ƙwayoyin 3T3-L1 (ƙwayoyin ɓera da ake rainonsu a ɗakin gwaji) ta hanyar Westan bulot, wato a ware furotin bisa girma a jel, a kwashe su zuwa membiren, sannan antibodi ya nuna wanda ake nema a matsayin layi. Fitar da layin ya ba ni wahala, amma tabbatar da mai shi ya fi cin lokaci. Dangin FABP duk kusan girmansu ɗaya, kilodalton (ma'aunin nauyin furotin) 14 zuwa 15: FABP1 na hanta, FABP2 na hanji, FABP3 na zuciya da tsoka, FABP4 na kitse, FABP5 na fata, FABP7 na ƙwaƙwalwa. FABP3 da FABP4 ma sun yi tarayya a sama da kashi 60 cikin 100 na jerin amino asid ɗinsu. Antibodi na iya cafke ɗan'uwan wanda aka aike shi ya kamo, kuma jel ba zai tona asiri ba tunda wuri ɗaya suke tsayawa.

Kitse yana da nasa hali. Nakan niƙa miligiram 100 a cikin maikurolita 500 na RIPA, ruwan fasa ƙwayoyi, mai maganin hana furotin lalacewa, in juya a santirifuj a 12,000 g na minti 15 a digiri 4. Mai yana taruwa a sama kamar kirim a kan madara. Sai in zura allura ta ƙarƙashinsa in zuƙo ruwan, in sake juyawa sau ɗaya ko biyu. In ka bar man, awon yawan furotin na BCA zai ba ka lamba fiye da gaskiya, ka loda ƙasa da abin da kake zato. FABP4 yana da yawa a kitse, maikurogiram 5 zuwa 10 ya wadatar. Fiye da haka layin kumbura yake yi, ba ya aunuwa.

Bulot ɗin farko fari fat ya fito. Laifin ba na antibodi ba ne. Jel ɗin kashi 10 ne, furotin ya bi shuɗin launi har gindi, sannan na yi minti 90 ina kwashe shi zuwa membiren mai ƙofa maikuromita 0.45. Da na shimfiɗa membiren na biyu a bayan na farko na rina da Ponceau, jan rinin da ke nuna furotin, can na tarar da ƙananan furotin, sun ratsa sun wuce. Tun daga nan sai jel kashi 15, membiren PVDF mai ƙofa 0.2, metanol kashi 20 a ruwan kwashewa ba sabulun SDS a ciki, bolt 100 na minti 40 a cikin ƙanƙara. Antibodin farko 1:1000, ya kwana a digiri 4.

Inda na fi yin kuskure shi ne sa naman zuciya a matsayin samfurin da bai kamata ya nuna komai ba. Sai ga layi ɓaro-ɓaro. Abu biyu ke iya jawo haka: ko antibodin yana kama FABP3 da ya cika zuciya, ko kuwa FABP4 ne na gaske, domin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin ƙananan jijiyoyin jini suna yin sa. Hanyar raba gardama ita ce jera tsarkakakkun FABP3, FABP4 da FABP5, nanogiram 10 kowanne, gefe da gefe. Waɗanda aka ɗaura wa wutsiyar His don tace su sukan tsaya sama kaɗan, kada wannan ya ruɗe ka. Folikulonal (gaurayen antibodi mai kama wurare da dama a jikin furotin) ɗin da nake amfani da shi ya taɓa FABP3 sama-sama, kuma a zuciya wannan ɗan taɓawar ta isa ta zama layi mai kauri. Monokulonal, mai kama wuri ɗaya tak, ya kama FABP4 kaɗai, amma duk da haka ya bar siririn layi a zuciya. Ashe duka biyun ne.

Ma'aunin da na fi yarda da shi yanzu 3T3-L1 ne: ƙwayoyin da ba a taɓa ba, da waɗanda aka juya zuwa na kitse da sinadaran IBMX milimola 0.5, deksametason maikuromola 1 da insulin. A rana ta 8 layin sai ya fito da ƙarfi, a na farkon kuwa da kyar a gan shi. In an rage FABP4 da siRNA, guntun RNA mai hana ƙwaya yin furotin ɗin, dole layin ya dushe. A kula, a ɓerayen da aka cire wa FABP4, FABP5 yana ƙaruwa a kitse, don haka antibodi mai haɗa su biyun zai nuna kamar ba a cire komai ba.

In FABP3 nake nema, ba na toshe membiren (don kada antibodi ya manne ko'ina) da garin madara, saboda madarar saniya tana ɗauke da shi. BSA, furotin jinin saniya, kashi 5 a ruwan wanki na TBST nake sawa. Antibodi kuwa ranar da ya iso nake raba shi maikurolita 10-10 in daskare, don ɗaukewar wuta ba ta sallama, narkewa da daskarewa kuma suna raunana shi. Lambar rukunin da aka yi shi tana jikin kowace kwalba, kuma duk sabon rukuni sai ya bi ta gwajin tsarkakakkun furotin ukun nan kafin ya taɓa samfuri.