Tukunyar ɗumama ɗaki da muke ƙerawa a Sabon Garin Zariya

Sana'ata wayarin ce da haɗa hitar ruwa, shagona kuma yana Sabon Gari. Ina da yara masu walda, da mai aikin famfo, da wani ƙaramin da ke koyon aikin wuta a hannuna. Yawancin shekara abin da muke ci da shi bai wuce gyaran hitar wanka, da sauya elemen da ya ƙone, da ƙera tankunan ruwan zafi na gidajen abinci da makarantun kwana ba. Amma da iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, sai aikin da na fi ƙauna ya taso: tukunyar lantarki mai zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya shiga lagireton da aka kafe a bangon ɗaki, ɗakin ya ɗau ɗumi ba garwashi ba hayaƙi.

Akwai masu tambayata ko wa ke buƙatar wannan a ƙasar da ake kukan zafi. Zariya a kan tudu take, sama da mita 600 daga teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Mai lafiya bargo ya ishe shi, ni ma haka nake gaya wa jama'a. Amma akwai tsohon da gaɓoɓinsa ke riƙewa, akwai jariri bakwaini, akwai mai jego, akwai yaro mai sikila wanda sanyi kaɗai ke iya tayar masa da ciwo ya kwantar da shi a asibiti. Abin da mutane suka saba yi shi ne su shigar da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba mara wari mara launi, mai barci ba ya jin shigarta, kuma tana kisa. Wasu kuma su sayi hitar nan mai jan waya su ajiye ta kusa da katifa ko labule. Wannan ne ya sa na ɗauki aikin da muhimmanci. Kakanninmu ma sun san darajar ɗumin da ke daɗewa, shi ya sa suka gina gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ƙasar ta riƙe zafin har gari ya waye. Tukunyata a kan wannan tunanin take, ruwa ne kawai ya maye gurbin ƙasa.

Lagireton ɗaki tsohon abu ne a ƙasashen sanyi. Franz San Galli ake danganta wa ƙirƙirarsa, a birnin Santa Fitasbag na Rasha, wajen shekarar 1855. Tukunyar lantarkin da ake sayarwa a Turai yau ƙarama ce, ana rataye ta a bango, ruwan cikinta kaɗan ne, yana wucewa ta kan elemen yana zafi nan take. Wanda ya zana ta ya san wuta ba za ta ɗauke masa da tsakar dare ba. Idan ka kawo irinta gidan da ake ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya, kafin ƙarfe ɗaya lagireto ya huce, daidai lokacin da sanyi ke shirin tsananta. Don haka tawa ƙirar ta bambanta tun daga tushe. Ni babban tanki nake yi, ya tara zafi a sa'o'in da akwai wuta, ya riƙa sakinsa a hankali bayan ta tafi.

Lissafin ba shi da wuya, kuma duk yaron da ya zo shagona sai ya haddace shi kafin in bar shi ya taɓa injin walda. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kusan wat 1.16 na awa guda. Tanki mai lita 200 da aka kai digiri 70, idan ya sauko zuwa 40, ya saki digiri 30 ke nan. Ka ninka 200 da 30 da 1.16, za ka samu wat 6,960 na awa guda, wato kusan yunit 7 na wuta, irin wanda mita ke ƙirgawa. Ɗakin kwana mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, ginin bulo mai silin, a lissafina yana zubar da kusan kilowat ɗaya idan ana so cikinsa ya fi waje ɗumi da digiri 10. Wato tankin nan zai riƙe ɗaki ɗaya kusan awa bakwai, daga bayan isha'i da ɗan dama har zuwa kiran assalatu. Ɗaki biyu kuwa sai tanki ya ninka, ko a haƙura da rabin dare.

Saboda haka ban taɓa fara aiki daga tanki ba, daga ɗakin nake farawa. Ina zuwa da tef in auna, in duba silin, in sa hannu a ƙasan ƙofa da gefen taga in ji inda iska ke shigowa. Tagar luba mai gilasai a jere ita ce babbar ɓarauniyar ɗumi a gidajenmu, sai ɗakin da kwanon rufinsa ke a fili ba silin. Wani dattijo a Tudun Wada ya kira ni don ɗakin mahaifiyarsa, yana so in yi masa tukunya mafi girma da zan iya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a fara sa wa ɗakin Hajiya silin, a toshe tagar arewa da labule mai kauri, a lika roba a ƙasan ƙofa. In an yi haka tanki matsakaici ya wadatar." Ya ce, "Malam, kai da ka zo sayar da kayanka kake rage wa kanka ciniki?" Na ce ai in na ɗora babban tanki a ɗakin da iska ke ratsawa, tsakar gida za mu riƙa ɗumamawa da kuɗinsa. Ya yi yadda na ce, muka kafa ƙaramin.

Bayan ɗaki sai wayar gida, kuma a nan ne nake yawan samun saɓani da masu gida. Wutarmu a ƙa'ida bolt 230 ce. Elemen mai kilowat 3 yana jan amfiya 13, kuma yana janta sa'o'i a jere ba hutawa, ba kamar dutsen guga da ke kamawa yana saki ba. Soket ɗin bango da siririyar wayar da aka ja don fanka da talabijin ba za su ɗauka ba, a hankali za su yi zafi, roba ta narke a cikin bango inda ba mai gani. Ni layi na musamman nake ja daga allon rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe ta gaskiya mai kauri sikwaya milimita 2.5, in nisa ya yi yawa in koma 4, da birekarsa shi kaɗai. Kasuwa ta cika da wayar da aka rubuta wa 2.5 a jiki alhali cikinta bai kai ba, wata ma alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ina kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago, in ta nuna fari in ajiye masa kayansa.

Akwai wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan wuta ta yi ƙasa, zafin elemen ba daidai da faɗuwarta yake raguwa ba, ya fi haka. Elemen mai kilowat 3 idan ya samu bolt 180 abin da zai bayar bai kai kilowat 2 ba, kusan 1.8 ne. Yunit 7 da ya kamata ya tara a awa biyu da minti ashirin sai ya ɗauki kusan awa huɗu. Shi ya sa nake barin mitata mai auna bolt a gidan mutum ta ga yadda wutar unguwarsu take da magariba kafin in yanke girman elemen. A unguwar da wuta ke da rauni nakan sa elemen biyu, kowanne da makunninsa, kuma a ƙasan tanki nake ɗaura su, domin ruwan zafi sama yake hawa, elemen da ke sama kuwa rabin tanki kawai zai zafafa.

Wannan hawan da ruwan zafi ke yi shi ne kuma ke taimakona a zagayawar ruwa. Idan tanki yana ƙasa da lagireto, bututu yana da faɗi kuma yana hawa ba tare da lanƙwasa mai yawa ba, ruwan zai zagaya da kansa, mai zafi ya hau, mai sanyi ya dawo, ba famfo ba wuta. Wannan tsarin na fi so, sai dai gidajenmu yawanci a shimfiɗe suke, ba kullum ake samun gangaren ba. In haka ta faru sai in sa ƙaramin famfon zagayawa irin na Grundfos ko Wilo, wanda cinsa bai kai na babban kwan fitila na da ba, in haɗa shi da batir da ƙaramar inbata don ya ci gaba da aiki bayan an ɗauke wuta.

Tankin da ƙarfe mara tsatsa muke yin sa, mu naɗe shi da audugar gilashi mai kauri, mu rufe da kwano. Bututun da ke bi ta waje ma sai an naɗe shi. Ruwan ciki shi ne dai yake ta zagayawa, ba a ɗiba don wanka ko girki, domin duk sabon ruwan da ya shiga yana kawo iskar da ke jawo tsatsa, wani ruwan rijiyar burtsatse kuma yana barin farin dutse a jikin elemen har ya shaƙe shi ya ƙone. Kuma a tuna lita 200 kilo 200 ce ban da nauyin ƙarfe. A ƙasa nake gina masa dakali, ban yarda a ɗora shi a kan katakon silin ba.

Kayan kariya su ne inda ba na ciniki. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, lita 200 daga digiri 20 zuwa 70 tana ƙaruwa da kusan lita 4, kuma dole ta sami wurin zuwa. A Turai rufaffen tsari suka fi yi, da tulun karɓar kumburi da bawul mai buɗewa in matsi ya kai 3 a ma'aunin da ake kira "bar". Ni na zaɓi buɗaɗɗen tsari: ƙaramin tanki a can sama, da bututun numfashi da ba a sa masa makulli ko kaɗan, ta yadda ko ruwan ya tafasa tururi zai fita sarari. Dalilina shi ne bawul yana iya cijewa bayan watanni tara yana zaune ba aiki, buɗaɗɗen bututu kuwa ba abin da zai cije a cikinsa, in dai an sa masa raga saboda zanzaro. Ban da tamostat mai kashe wuta a digiri 70, ina sa na biyu a bayansa wanda in ya yanke ba ya komawa sai an danna shi da hannu, domin mai gida ya san akwai matsala ya kira ni. Ina sa abin da ke hana elemen kamawa in ruwa ya yi ƙasa. Ina kafa sandar ƙasa ta jan ƙarfe in haɗa jikin tanki da ita, in kuma sa bireka mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30, wadda ke yankewa kafin wuta ta yi wa mutum illa. An sha roƙona in cire ɗaya daga cikin waɗannan don kuɗi ya ragu. Na gwammace in rasa aikin. Lagireton yana ɗakin da yara ke rarrafe, kuma ƙarfe ne cike da ruwa.

Saboda yaran nan ne ma ba na tura ruwa mai digiri 70 kai tsaye cikin ɗaki. Ina gauraya shi da mai dawowa ya sauko wajen 50. Sai dai wannan yana da farashinsa. Ƙarfin da kamfani ke rubutawa a jikin lagireto an auna shi ne da ruwan da ya fi ɗaki zafi da digiri 50, in bambancin ya koma 30 kusan rabin ƙarfin kawai zai bayar. Don haka lagireton da nake sawa ya kan ninka wanda takarda ta ce, masu gida su yi ta mamakin faɗinsa.

Maganar kuɗin wuta ba na ɓoye wa kowa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai yunit ɗaya naira 225 ga masu layin rukunin A, wato layin da ya fi samun wuta. A kan wannan farashin, yunit 7 na dare ɗaya naira 1,575 ne, a ɗaki guda. Wanda ke da majiyyaci a gida ya san abin da kwana ɗaya a asibiti ke ci, shi zai auna. Wanda kuma yake so don sha'awa kawai, nakan ce ya gyara tagoginsa ya sayi bargo mai kyau. Kuma ba na ba da shawarar a ɗora tukunyar a kan ƙaramin janareta, man da zai sha ya fi ƙarfin amfanin.

Masu kiwon kaji su ne suka fi saurin gane aikin, kuma yankin nan na Shika da Samaru, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI take, ba a rasa su. 'Yan tsaki a makonsu na farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, ana rage kusan digiri 3 duk mako. A ɗakinsu ba ma sa lagireto, bututu muke shimfiɗawa a zagaye kusa da ƙasa, ɗumin ya bazu ko'ina, su daina cunkushewa wuri ɗaya suna danne juna.

Abin da nake kai yanzu shi ne ƙara elemen na uku da zai ci kai tsaye daga faifan sola da rana, tanki ya tara zafin ya ajiye wa dare, ba tare da an sayi manyan batura ba. Wahalarsa biyu ce. Hazon hunturu yana rage ƙarfin rana daidai watannin da ake buƙatarta, don haka sai an ƙara yawan faifai. Sannan wutar sola ba irin ta layi ba ce, tamostat na yau da kullum in ya yi ƙoƙarin yanke ta sai tartsatsi ya riƙe ya cinye bakinsa, dole a samo makunnin da aka yi dominta. Tankin gwajin yana bayan shago, yaron da ke koyon wuta shi ke rubuta zafinsa a littafi da la'asar da kuma bayan sallar asuba, kuma sai littafin ya nuna mini sanyin Janairu gaba ɗayansa kafin in kafa wa kowa irinsa a gida.