Abin Da Ya Raba Ƙagaggen Labari Da Tatsuniya

Sunan da muka ba wannan nau'in adabi yana ɗauke da zargi a cikinsa. A Hausa, idan aka ce mutum ya ƙaga magana, ba yabonsa ake yi ba, domin ƙage ɗan'uwan ƙarya ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya sha wahala a 1933 wajen shawo kan masu ilimi su zauna su rubuta abin da bai faru ba. A wancan zamani alƙalami na addini ne da tarihi da waƙar wa'azi, ita kuwa tatsuniya an bar wa tsofaffi mata da yara a tsakar gida bayan sallar isha'i.

Gasar rubutu da aka shirya a waccan shekara ita ce ta haifar da littattafan da ake ɗauka a matsayin tushen ƙagaggen labarin Hausa, cikinsu har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na daɗe ina ganin cewa ba duka ne suka tsallake iyakar tatsuniya ba. A tatsuniya, Gizo ba ya canzawa. Mayaudari ne daga gatanan gatananku har zuwa ƙurunƙus, kuma gobe da dare haka za a sake samunsa. Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja ma kusan haka suke, domin suna ta ramuwar gayya daga gari zuwa gari, kuma da za a musanya wasu babuka da juna, da wuya mai karatu ya lura. Wannan bai rage wa littafin daɗin harshe ko ban dariya ba, amma gininsa irin na carbi ne, kowace ƙwaya tana zaman kanta.

Shehu Umar dabam yake. Yaron da aka sace, aka ratsa hamada da shi, ba shi ne dattijon malamin da ke ba almajiransa labari ba, domin lokaci ya bi ta kansa ya sauya shi. Uwarsa da ta fita nemansa ta faɗa cikin bauta, kuma babu wani aljani ko laya da ya zo ya cece ta. A nan ne nake ganin asalin ƙagaggen labari: rayuwar mutum guda da ake bi a hankali, inda abin da ya faru jiya yake da sakamako yau, kuma ba a iya mayar da hannun agogo baya.

Abu na biyu shi ne shiga zuciyar mutum, kuma a ganina marubutan soyayya na Kano, waɗanda aka yi ta suka tun daga wajen 1990, su ne suka fi yi wa Hausa wannan aiki. Ina tuna yayata tana karɓo hayar irin waɗannan littattafai daga wani ɗan shago a unguwarmu, siraran littattafai masu takarda mai arha da kurakuran buga rubutu, tana ɓoye su a ƙarƙashin katifa. Da na girma na karanta su da kaina, sai na gane dalilin da ya sa take hana idonta barci. A cikinsu ne aka fara jin abin da matar da aka yi wa kishiya take raya wa a ranta tana kwance ita kaɗai, da abin da yarinyar da aka yi wa auren dole ba za ta iya furtawa a gaban mahaifinta ba saboda kunya. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna a Alhaki Kuykuyo Ne cewa rikicin gida ɗaya ya isa ya ɗauki littafi sukutum. Tatsuniya ana jin ta ne cikin taro, shi kuwa wannan karatu ne na mutum shi kaɗai, shiru, shi ya sa yake iya ɗaukar sirri.

Yanzu labarin ya koma waya, ana sakin shafi bayan shafi a WhatsApp da Wattpad, wani lokaci sai an biya kuɗi kafin a ga ci gaba. Damuwata ita ce wannan tsari yana sake mayar da mu ga ginin carbi. Marubuciyar da masu karatu ke jira kowane dare takan ja labari da bayanin leshi da atamfa da jerin girke-girke, ta ƙara sabuwar muguwar kishiya duk lokacin da zance ya yi sanyi. Kwanan baya na bi wani har shafi na tamanin, jarumar tana nan yadda na same ta a shafin farko, kyakkyawa mai haƙuri, tana kuka a gefen gado.