Wa ya auna tafkin?

Ranar da na tsaya gaban malamai uku domin kare kundin bincikena, zaman da muke kira sutanans a nan, tambayar da ta kayar da ni ba ta cikin waɗanda na kwana ina shiryawa. Na buɗe kundin da maganar da kowa ya haddace, cewa Tafkin Chadi ya ragu da kashi 90 cikin 100 tun daga shekarun 1960, kuma na rubuta ta ba tare da wani ɗar ba, domin na karanta ta a rahotannin manyan ƙungiyoyi, na ji ta a rediyo, na kuma ji ta a bakin shugabanni. Dattijon da ke jagorantar zaman ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce: "Ɗana, wa ya auna? A wace shekara, kuma a wane wata?" Na ambaci rahoton da na ɗauko maganar daga ciki. Ya ce ai shi ma rahoton ɗaukowa ya yi, mai awon yake nema. Na yi tsuru-tsuru, gumi yana bin bayana, ga iyayena da suka taso tun daga Kusiri, a arewacin Kamaru, suna zaune a bayan ɗaki cikin manyan kaya.

An ba ni takardata, amma tambayar ta hana ni sakat, har na shafe watanni ina bin sawun wannan adadi.

Abin da na tarar shi ne adadin ba ƙarya ba ne, sai dai an yanke masa kai da ƙafa. A wajajen 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sannan farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi zuwa wajen 2,000, har ya rabu gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Wanda ya gwada waɗannan lokuta biyu dole ya sami kashi 90. Matsalar ita ce shekarun 1950 da farkon 1960 lokaci ne na damina mai albarka fiye da yadda aka saba a Sahel, wato an fara lissafi daga ranar da tulu ya cika har yana zuba, aka tsaya a ranar da ya kusa ƙarewa. Tun a farkon ƙarni na 20 wani hafsan Faransa, Jean Tilho, ya tarar da tafkin ya janye ƙwarai, kuma shi ne ya kasa yanayinsa uku: ƙaramin Chadi, matsakaici da babba. Tafki ne marar zurfi, wanda kusan duk ruwansa kogunan Shari da Logon ne ke kawowa daga kudu, saboda haka ƙarin ruwa kaɗan yakan mamaye fili mai yawa, kuma awon watan Yuni ba zai taɓa zuwa ɗaya da na Disamba ba. Ga kuma ciyayi masu tsawo da ke lulluɓe ruwan, ta yadda hoton tauraron ɗan'adam zai nuna wuri kore kamar tudu, alhali kwalekwale yana ratsawa ta ƙarƙashi. A 2020 Binh Pham-Duc da Florence Sylvestre da abokan aikinsu sun wallafa binciken da ya nuna cewa a cikin shekaru ashirin da suka gabaci binciken tafkin ba raguwa yake yi ba.

Abin kunyar, a wurina, shi ne ban buƙaci tauraron ɗan'adam ba kafin in yi zargin wannan adadi. A lokacin da nake tattara bayanai a Blangwa, wani gari kusa da tafkin ta ɓangaren Kamaru, wani tsohon masunci ya nuna mini wata gona da aka shuka masara da wake a cikinta, ya ce a nan ya taɓa jefa taru, kuma yana sa ran zai sake jefawa. Na ce masa: "Baba, ai masana sun ce tafkin mutuwa yake yi." Ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkin komarsa, ya ce ruwa baƙo ne, yana tafiya yana dawowa. Ban saka maganarsa a kundin ba, saboda ba ta da shekara da lambar shafi. Da ambaliyar 2022 ta shiga unguwannin Kusiri da Injamena, ta kuma maimaita a 2024, na tuna da shi.

Kada a fahimce ni a baibai. Sauyin yanayi gaskiya ne, kuma mutanen bakin tafki suna ɗanɗana kuɗarsu, domin damina ta daina zuwa a kan ƙa'ida, jama'a ta ƙaru, rikici ya raba mutane da gonaki da wuraren kamun kifi. Amma cutar da aka yi kuskuren ganewa ba a dace da maganinta. Idan tafkin ƙafewa yake yi, to akwai hujjar shirin Transaqua, na haƙa mashigin ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga yankin kogin Kongo, wanda aka tattauna a taron Abuja na 2018. Idan kuwa hauhawa da sauka yake yi ba tare da gargaɗi ba, abin da manomi da masunci suka fi buƙata shi ne hasashen ambaliya, da madatsai masu ƙarfi, da tsarin raba filin da ruwa ya janye ba tare da an zub da jini ba. Jimla guda da aka kwafa ba bincike tana iya karkatar da dukiya mai yawa zuwa inda ba a buƙatarta.

Na daɗe ina tunanin abin da ya hana ni tambaya tun farko, kuma ina ganin tarbiyya ce da muka ɗauka daga zaure muka kai aji ba tare da mun tace ta ba. An koya mana cewa yaro ba ya ja da babba, kuma wannan kyakkyawan abu ne a wajen gaisuwa da zaman tare. Amma a jami'a sai ya koma ɗalibi yana ganin abin da aka buga a littafi, musamman idan daga Turai ya fito, kamar dattijo ne da ba a ɗaga masa ido. Da yawa daga cikin kundayen da nake karantawa yanzu jerin "wane ya ce" ne daga farko har ƙarshe, babu inda marubucin ya tsaya ya auna maganar wani da ta wani.

Abin mamakin shi ne wannan tsoro ba gadonmu ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an bi isnadinta mutum bayan mutum, an tambayi wane ne ya ji daga wane, ko sun yi zamani ɗaya, ko mai ruwayar yana da kyakkyawar hadda. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ibnul Haisam kuwa, masanin haske da gani da aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen 1040, littafi guda ya rubuta a kan shakkun da yake da su game da Batlamus, wanda aka yi ƙarnoni ana ɗaukar maganarsa a ilimin taurari a matsayin yankan shakku. Tambayar da dattijon nan ya yi mini, isnadi ya nema.

Akwai wata shakkar da ba ita nake nufi ba, wadda ta cika WhatsApp, ta mutumin da ke ƙaryata likita da masani amma ya gaskata muryar da bai san mai ita ba. Mun ga kuɗin da aka biya a kanta lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin arewacin Najeriya a 2003, cutar ta tsallako har Kamaru da Chadi. Mai irin wannan shakka ya riga ya yanke hukunci, babu hujjar da za ta motsa shi. Mai bincike kuwa yakan faɗi tun farko abin da zai gani ya janye maganarsa, sannan ya tashi ya je ya duba, kuma da nasa ra'ayin yake fara gwajin.

Yanzu ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma ba zan ɓoye ba, ranar da wata ɗaliba ta fara ce mini "Malam, a ina aka samo wannan?" sai da na ji raina ya sosu kafin in tuna kaina. Taswirar da ke rataye a bangon ajinmu har yau tafkin 1960 take nunawa, shuɗi fal. Ban cire ta ba. Duk shekara, idan za a tafi hutun Disamba, nakan ce wa 'yan Makari da Blangwa da Darak su tambayo a gida inda ruwa ya tsaya bana, da watan da ya tsaya, da wanda ya gani da idonsa. Muna rubutawa a wani littafi mai baƙin bango da nake ajiyewa a aljihun tebur, wanda ya ji a bakin wani kuma mukan sa masa alama da jan biro a gefe.