Minti 20 na ƙarshe ke cinye mana maki

Ƴan uwa magoya baya, abin da ya faru jiya a filin ƙwallo na Seyni Kountché da ke Yamai shi ke damunmu duk kakar bana. Muna gaba da ci ɗaya, aka farke mana da bugun kusurwa, maki 3 suka koma 1.

A zafin Yamai ba a matsa wa abokin karawa minti 90 cur. Da an wuce minti 60 ƙafar ƴan tsakiya ta yi nauyi, ƴan baya su ja da baya, fili ya buɗe tsakaninsu. Nan ya kamata mai horarwa ya sako sabbin ƴan tsakiya biyu, ba ɗan gaba ba. A kusurwa kuma, wallahi sandar raga ta kusa da mai bugun ba mai tsaronta, kowa ƙwallo yake kallo.