Minti biyar kacal

Jiya na zauna haɗa rahoton ƙarshen wata, na ce bari in leƙa WhatsApp minti biyar kacal. Daga nan na zarce Facebook, na tsoma baki a muhawarar da ba ta shafe ni ba. Ina ɗago kai sha biyu ta gota, shafin Excel yana nan da layi ukun da na bari.

Komawa aikin ma ya fi ba ni wuya. Na manta inda na tsaya, sai da na sake bin lissafin tun daga farko. Oga bai ce uffan ba, agogo kawai ya kalla.

Yau wayar tana cikin durowa. Hannuna ya kai can sau huɗu, kuma ko azahar ba a yi ba.