Ranar da na shiga a matsayin ɗalibi

Laraba, da dare.

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba, idanuna sun gaji da kallon allo. Amma in na kwanta ban rubuta ba, gobe zan manta yadda aka yi, wata rana in sake faɗawa rami ɗaya.

Wata uku ke nan ina gina wata 'yar manhajar ƙari da ake jona wa Moodle, manhajar da makarantu ke gudanar da kwasa-kwasai da ita ta intanet. Irin wannan ƙarin muke ce wa fulogin. Aikinta ba shi da yawa. Ɗalibin da bai samu halartar darasi ko jarrabawa ba ya rubuta uzurinsa, ya ɗora takardar shaida in yana da ita, malami ya duba ya karɓa ko ya ƙi. Sunan da na sa mata ke nan ma, uzuri. Jiya muka buɗe ta a kwas biyu don gwaji.

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna saƙon wata malama ya shigo: "Malam, ina kwana. Yara na ta cewa sun turo uzuri, ni kuwa ban ga komai ba. A ina ake dubawa?" Na buɗe a wajena, ga maɓallin nan ɓaro-ɓaro. Har na fara rubuta mata cewa ta sake buɗe shafin, Allah ya taimake ni na goge kafin in tura. Ni da asusun admin, wato mai cikakken iko a shafin, nake shiga, shi kuwa admin a Moodle ba a tambayarsa izini, duk ƙofar da ya taɓa buɗewa take yi. Ashe tsawon wata ukun nan mai riƙe da makullin gida ne yake ta gwada ƙofofi yana cewa lafiya lau.

Kowace manhajar ƙari tana bayyana ikon da take buƙata a wani fayil mai suna access.php, cikin jakar db. A nan ake ba kowane iko suna, a faɗi na karatu ne ko na rubutu, a wane mataki yake aiki, wato ɗaukacin shafin, ko kwas, ko aiki ɗaya cikin kwas, sannan a lissafa matsayin da za su same shi tun farko, kamar ɗalibi, malami ko manaja. Nawa guda ɗaya tal na rubuta, local/uzuri:duba, na ba manaja da malami mai ikon gyara kwas. Na manta Moodle malamai iri biyu gare shi. Akwai wanda yake koyarwa yana ba da maki amma ba ya taɓa tsarin kwas, kuma malamar nan irinsa ce.

Na ce abu mai sauƙi. Na ƙara layi ɗaya a access.php don irin malamin nan, na adana. Shiru. Na tuna ba a sake karanta fayil ɗin sai an ɗaga lambar siga a version.php, na ɗaga, shafin sabuntawa ya fito, na danna, ya ce an gama. Na ce Malama ta duba. "Har yanzu dai, Malam." Na share ma'ajiyar wucin gadi sau biyu, kamar mai dukan rediyo don ta yi magana. Kusan awa guda ta tafi a haka kafin in haƙura in je in karanta sashen Moodle da ke sabunta ikon. Sai ga dalili a fili: jerin matsayin nan sau ɗaya ake amfani da shi, ranar da ikon ya fara shiga rumbun bayanai. Bayan nan ko me ka canza a jerin, matsayin da ke akwai ba za a taɓa su ba. Da farko na ji haushi, da na yi tunani kuma na ga gaskiyarsu. Mai kula da shafi yana iya zama ya tsara wa zai ga me bisa dokar makarantarsa. Ba daidai ba ne ni, daga nesa, in rushe masa tsarin da sabuntawa ɗaya. Na shiga shafin tsara matsayi na ba malamin izinin da hannu. Minti biyu.

Da a nan na tsaya da yanzu ina barci. Sai dai kunyar safiya ta sa na ƙirƙiri asusun ɗalibai biyu na gwaji, abin da ya kamata in yi tun makon farko. Na shiga da na farko na rubuta uzuri. Na fita, na shiga da na biyu, na rubuta nasa, na buɗe. A saman burauza adireshin ya ƙare da lamba 14. Haka kawai na goge ta na sa 13. Uzurin ɗalibin farko ya buɗe. Na sa 9, sai ga na wata ɗaliba ta gaske, da sunanta, da bayanin rashin lafiyar da ta hana ta zuwa. Ban kai ƙarshen layin farko ba na rufe. Gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe a kan linzami.

Laifina ne, ba na kowa ba. Na yi amfani da has_capability, umarnin da ke tambaya ko mutum na da iko, na ɓoye maɓallin daga idon ɗalibai, amma shi kansa shafin ban sa masa require_capability, wanda ke tare marar iko, ba, ban kuma bincika ko uzurin na mai buɗewar ne ba. Labule na rataya, na ɗauka ƙofa ce. Na rufe manhajar nan take, na bi kundin shige da fice layi-layi tun daga jiya. Ba wanda ya buɗe uzurin da ba nasa ba sai ni. Alhamdu lillahi. Duk da haka na sanar da mai kula da shafin abin da ya faru, har da na lamba 9 da na gani.

Da yamma na zauna da takarda da biro, ba kwamfuta, na raba ikon gida uku: miƙa uzuri, duba na kowa, da yanke hukunci. Na biyun na sa masa alamar haɗarin bayanan sirri, RISK_PERSONAL. Alamar ba ta hana komai, gargaɗi ne kawai da zai bayyana ga wanda zai raba izini, amma gara ya gani kafin ya danna. Tun da sunayen sababbi ne, wannan karon jerin matsayin ya kama da kansa.

A nan muka yi musu da abokin aikina. Shi a ganinsa a ba kowane malami duka, a huta da koke-koke. Na ce masa malamin da ke taimakawa wajen ba da maki yana buƙatar sanin an karɓi uzuri ko ba a karɓa ba, ba ya buƙatar karanta takardar likita. Ya ce, "Kai dai yau ka tsorata ne." Na ce ƙwarai kuwa. Ba ni na ƙirƙiro ra'ayin ba ma, tun 1975 masana kwamfuta Saltzer da Schroeder suka rubuta cewa a ba kowane mai amfani da kowace manhaja mafi ƙarancin ikon da zai ishe su aikinsu. Sai ya koma ɗaya gefen gaba ɗaya, wai to a sa wa ɗalibai haramci mai ƙarfi, CAP_PROHIBIT. Nan ma na ƙi. Haramcin nan ba ya ɗaguwa a matakan da ke ƙasa da inda aka sa shi, kuma yana rinjayar duk wani izini da mutum ya samu ta wani matsayin. Ranar da aka ɗauki babban ɗalibi ya taimaka a kwas ɗin da yake ciki, za a wuni ana neman abin da ya toshe shi. Barin gurbin ba komai ya wadatar, wanda ba a ba shi ba ai ba shi da shi.

Ba mu gama shawo kan maganar malami mai taimako ba. Na ce ba ni da shi za mu yanke ba, masu makarantar za a tambaya. Kafin nan na bar masa takardun shaida a rufe.

Bayan ƙarfe tara na dare, na riga na gyara na sake buɗe manhajar, Malama ta turo: "Malam, na gani yanzu, na gode. Sannu da aiki." Saura in rubuta sunayen sababbin ikon a fayil ɗin harshe, inda ake ajiye kalmomin da ke fitowa a allo, don yanzu a shafin izini wasu baƙaƙe ne ke fitowa cikin baka biyu-biyu, ba mai gane su.

Ina rubuta wannan layin ne na tuna da takardun da ake ɗorawa. Su ba ta shafin nan suke fita ba, wani sashe ne daban a fayil ɗin lib.php yake miƙa su, kuma ban tuna na sa masa bincike ba. Bari in kunna kwamfutar.